Villandry, fadar da kabeji ya zama ado

Fadar Villandry tana kwarin kogin Loire a ƙasar Faransa, kimanin kilomita 15 yamma da birnin Tours. Jean Le Breton, ministan kuɗi na Sarki François na Ɗaya, shi ne ya kammala gina ta wajen shekarar 1536, a zamanin farfaɗowar fasaha a Turai, bayan ya rushe tsohuwar ganuwar yaƙi da ke wurin, ya bar hasumiyarta kaɗai. A wannan tsohon gini ne Sarki Henry na Biyu na Ingila ya amince da shan kaye a gaban Sarkin Faransa a 1189.

Sai da na hau kan hasumiyar nan na gane abin da ke kawo mutane. Daga ƙasa kabeji ne da karas da latas da albasa, amma daga sama sai ka ga lambun kayan miya ya kasu murabba'i 9 masu girma ɗaya, kowanne da irin zanensa, an jera jan kabeji kusa da koren latas domin launi kawai, an kuma kewaye su da gajerun shingaye da aka sausaye daidai wa daida kamar an ja layi da zare. Sau biyu a shekara ake sake shuka, don haka wanda ya zo da bazara ba zai ga abin da na kaka ya gani ba.

Abin mamaki shi ne lambun bai kai tsufan fadar ba. A ƙarni na 19 an share na asali, sai a 1906 wani likita ɗan Sifaniya, Joachim Carvallo, da matarsa Ba'amurkiya, Ann Coleman, suka sayi wurin, ya jingine binciken likitanci ya dukufa kan tsofaffin zane-zane har ya sake shimfiɗa shi. A ganina wannan bai rage masa daraja ba, domin lambu irin wannan ba ya rayuwa sai da almakashin masu gyara.

Sashen soyayya, inda aka yanka shingaye siffar zuciya da wuƙaƙe, bai burge ni sosai ba. Na fi daɗewa a wani ɗaki cikin fadar ina kallon rufinsa na katako mai zanen Musulmin Andalus, wanda aka ƙera a ƙarni na 15, Carvallo ya sayo shi daga wata fada ta yankin Toledo, aka sake harhaɗa guntayensa 3,600 a nan.