Daga Agege zuwa Akoka, daga Akoka zuwa bayan Ajah

Ranar Talata ban buɗe shago ba, don na yi wa ƙanwata alkawarin zan kai ta ta ga jami'o'i biyu a nan Legas, ta gwamnati da ta kuɗi, da idonta kafin a rufe canjin makaranta na JAMB. Tun da sakamakonta ya fito maganar gidanmu ɗaya ce, ita ta kafe sai wata jami'ar kuɗi da ke can bayan Ajah wai ƙawarta ta islamiyya can za ta, Inna kuma ba ta cewa komai sai dai ta kalle ni, to ni ne mai biya tun rasuwar Baba, ga ƙanne biyu a bayanta suna sakandare.

Ana idar da sallar asuba muka fita tashar Agege muka hau jirgin ƙasan nan na Red Line da ya fara ɗaukar mutane a 2024. Ikeja, Oshodi, Mushin, kafin ka ce me mun sauka Yaba, abin da a danfo sai ka gaji da zama. Daga nan muka shiga motar ɗalibai zuwa Akoka.

UNILAG, wato Jami'ar Legas da ke Akoka, dai wlh tana da kwarjini, tun 1962 take, sa'ar ABU Zariya ce. Muka taka har bakin ruwa, iska na kaɗawa, ga gadar Third Mainland can ta miƙe motoci na bi kamar tururuwa. Yarinyar nan da ta taho tana cin magani sai na ga ta saki fuska, ta tsaya tana kallon wasu 'yan mata masu hijabi da farar rigar lab a hannu.

A masallacin makarantar na haɗu da wani ɗalibi ɗan Sakkwato yana aji uku, yaron kirki, shi ya zaunar da mu a kan dakali ya warware mana abin da ban taɓa sani ba. Ya ce a jami'o'in tarayya gurbi kashi uku ake raba shi, kashi 45 na waɗanda suka fi maki, 35 na jihohin da ke kewaye da makarantar, 20 na jihohin da aka bari a baya wajen boko, kuma Kano na ciki. Takardar asalinmu ta Kano ce duk da a Agege aka haife mu, ashe abin da muke ajiyewa a ƙasan akwati yana da rana. Na tambaye shi kuɗi, ya ce Yaya an daina cin bulus, a 2023 aka yi ƙari mai yawa har ɗalibai suka yi zanga-zanga aka ɗan rage, amma har yanzu lissafin dubbai ake ba miliyoyi ba, kuma ga bashin karatu na NELFUND wanda 'yan makarantun gwamnati kaɗai ake ba. Bai ɓoye mana ɗaya gefen ba, ya ce yajin aikin ASUU na 2022 wata takwas aka yi ana zaune a gida, yayansa har ɗinki ya koya.

Wannan maganar ta tsaya min a rai, don mace ce, shekara ɗaya ta ƙaru a kan karatunta sai dangi su fara yi wa Inna zancen aure.

Bayan azahar muka kama hanyar Obalende, daga can danfo zuwa Ajah. Kai jama'a, titin Lekki zuwa Epe! Zafi, hayaƙi, tireloli, kwandasta na rataye a ƙofa yana ihu, kusan awa uku muna ja kamar kunkuru, kuɗin mota kuma kowane canji sai an ƙara. Tun a nan na gane zuwa daga gida ba zai yiwu ba sai dai kwana a can, shi ma kuɗinsa daban.

Gaskiya ɗaya ce, makarantar ta haɗu. Tsaf-tsaf, wuta ba ta ɗaukewa, aji ba cunkoso, ba ruwansu da yajin aiki, shekara huɗu shekara huɗu ce. Kuma na yarda suna yana buɗe ƙofa a garin nan, 'ya'yan masu kamfani za ki zauna da su aji ɗaya, gobe su ne masu ɗaukar aiki. Matar da ke ofis ta karɓe mu da mutunci ta miƙo takardar kuɗi. Ƙanwata ta ɗora yatsa a kan lambar tana ƙirga sifili ɗaya bayan ɗaya, ta kai ƙarshe ta dawo ta sake ƙirgawa. Kuɗin shekara ɗaya ya fi jarin shagona gaba ɗaya, har da firji da janareta.

Na so in ce zan sayar da filin Baba na Kano, har maganar ta zo bakina, sai na tuna filin nan ba nawa ba ne ni kaɗai, da haƙƙin marayu a ciki.

A hanyar dawowa ba mu yi magana ba sai da muka hau Third Mainland, magariba ta wuce, fitilun Akoka na haskawa ta hagunmu. Ta ce "Yaya, in na shiga ta kuɗin can, su Auta fa?" Na ce mata ban sani ba, don wlh ban sani ba ɗin. Ta yi shiru can ta ce "yaron nan ya ce UNILAG har da jarrabawarsu ta bayan JAMB, Post-UTME, ko? Ka saya min tsofaffin tambayoyinsu, kuma ka tambayi Inna inda ta sa takardar Kano."

Ƙarfe goma saura muka shiga gida. Inna ta ajiye mana tuwo ya huce, ƙanwata ko hijabi ba ta cire ba ta jawo akwatin daga ƙarƙashin gado.