Wasiƙa daga Ingila: Likita ya rubuta wa tsohuwa hira

Assalamu alaikum 'yan'uwa na gida,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, labarin wata dattijuwa maƙwabciyata a nan Landan zan ba ku. Ta haura tamanin, mai gidanta ya rasu, 'ya'ya sun watsu a garuruwa. Takan yi kwana uku ba ta ji muryar kowa ba sai ta talabijin. Kullum tana hanyar asibiti, yau ciwon kai, gobe rashin barci. Rannan sai ta dawo ko ƙwaya ɗaya babu a jakarta. Likita ya tura ta wurin wata jami'a wadda aikinta sada mutane da ƙungiyoyin unguwa.

Da na ji, dariya na yi. Wai hira ma sai likita ya rubuta?

Amma abin ba wasa ba ne a nan. A watan Janairun 2018 Firaminista Theresa May ta naɗa Tracey Crouch ministar da za ta kula da matsalar kaɗaici, bisa shawarar kwamitin da marigayiya 'yar majalisa Jo Cox ta assasa. A 2019 hukumar lafiya ta NHS ta sa tsarin sada marasa lafiya da ƙungiyoyin unguwa cikin shirinta, da burin ɗaukar irin waɗannan jami'ai 1,000 da tura mutum 900,000 wurinsu.

Dalilin a fili yake. Ganin likita a nan kusan minti goma ne, kuma minti goma ba ya isar wanda ciwonsa kewa ce. Ita jami'ar sai ta zauna da Baba, kamar yadda nake kiranta, ba gaggawa, ta tambaye ta abin da take so tun tana yarinya. Ashe shuke-shuke ne. Ranar farko da ƙafarta ta raka ta lambun unguwa, don wanda ya daɗe a kulle, ƙofar gidansa ma nauyi take masa.

Inda nake da ja shi ne, takardar likita ba ta gina lambu. Ƙungiyoyin nan na 'yan sa-kai ne, da yawansu da ƙyar suke biyan hayar ɗaki. In sun rufe, ina za a tura tsohon?

Baba dai yanzu ranar Talata ba a samunta a gida. Jiya ta ƙwanƙwasa mini ƙofa da ƙasa a farcenta, tana mitar wani tsoho da ya cika shayar da shukarta ruwa.

Naku a kullum,
ɗan'uwanku a Landan