Draif na farko a wurin robot ba lallai ne ya zama nst0 ba

Laburaren kaset ne, wato na'urar da ke ajiye kaset ɗin bakof tare da robot mai ɗora su a draif. Draif huɗu gare shi na LTO (nau'in kaset ɗin adana bayanai), haɗe da sabar Linux ta hanyar Fibre Channel (hanyar haɗa saba da ma'adanar bayanai), kuma manhajar Bacula ke gudanar da bakof. Haɗa waya da raba shiyya a suwic sun tafi lafiya lau. Abin da ya cinye mana bakof na dare guda, wanda har yanzu yake min ciwo, shi ne sunayen draif.

Kowane draif sunaye uku gare shi, kuma masu raɗa masa su ba sa shawara da juna. Robot ya san shi da gurbin da yake zaune: Data Transfer Element 0, 1, 2, 3, kamar yadda `mtx -f /dev/sg4 status` ke nunawa. Linux ya san shi da /dev/nst0 zuwa /dev/nst3. Manhajar bakof kuma da sunan da ka rubuta mata. Lambar robot ba ta motsi. Ta Linux kuwa wanda ya riga amsawa lokacin da saba ke tashi shi ke samun sifili. A ranar da aka kafa na'urar lambobin sun dace, sifili da sifili, ɗaya da ɗaya, sai aka rubuta su haka a saitin Bacula: sunan Linux a Archive Device, lambar gurbi a Drive Index.

Da aka sake kunna sabar bayan sabunta kernel (zuciyar Linux), draif biyu suka yi musayar lamba. Babu wani gargaɗi. Manhaja ta ce wa robot ya sa kaset a draif 0, ya sa daidai, ita kuma ta je tana jira a nst0, wanda yanzu shi ne draif na gurbi 2. Ta tarar babu komai, ta yi ta jira, aiki ya tsaya yana neman a ɗora masa kaset ɗin da tuni yake ciki. Inda ta tarar da kaset ɗin wani aikin, lakabin da ke farkon tef ne kawai ya hana ta rubutu a kansa. Abin takaicin shi ne saƙon kuskuren yana kama da na lalacewar draif ko na robot, sai mutum ya ɓata lokaci yana wanke kan draif da kaset ɗin gogewa na CLN alhali ƙarfen lafiyarsa ƙalau.

Gyaran ya fara ne da lambar siriyal. `lsscsi -g` zai jera maka tape (draif) da mediumx (robot) tare da sunan /dev/sg na kowanne. `tapeinfo -f /dev/sg2` ko `sg_inq` zai ba ka siriyal. Ka gwada shi da abin da shafin gudanarwar laburaren ya nuna wa kowane gurbi. Kada ka dogara da takardar da ke manne a jikin draif, domin laburare da yawa suna ba draif siriyal da WWN (lambar shaidarsa a Fibre Channel) na gurbin da yake ciki, don idan an canza shi saba kada ta ga baƙo. Ka tabbatar naka yana yin haka ko ba ya yi tun kafin ranar canji, saboda idan ba ya yi, sabon draif sabon suna ne.

Ko bayan wannan ban yarda da takarda ba sai na gwada da hannu. A tsayar da bacula-sd, ɓangaren Bacula da ke riƙe da draif, tukuna, in ba haka ba na'urar za ta ce tana cikin aiki. A fitar da duk kaset daga draif, sannan `mtx -f /dev/sg4 load 5 0`. A bi kowane nst da `mt -f /dev/nstN status`. Guda ɗaya tak zai ce BOT ONLINE (akwai kaset), sauran DR_OPEN (babu kaset). Wanda ya ce ONLINE shi ne draif 0. A yi `mt offline`, a sauke, a koma na gaba. Kaset ɗaya a lokaci ɗaya; da ka sa biyu gwajin ya tashi a banza.

Daga nan nstN ya fita daga fayil ɗin saiti gaba ɗaya. Hanyar /dev/tape/by-id/ mai ƙarewa da -nst ita ce ke shiga Archive Device, kuma robot ma yana da tasa a can, domin sg4 na yau na iya zama sg6 gobe. A kula da -nst ɗin nan sosai: wadda ba ta da shi tana mayar da tef farko duk lokacin da aka rufe ta, rubutu na gaba sai ya hau kan na baya. A Windows ma \\.\Tape0 yana yawo haka, sai an kunna Persistence a rajistar saitin Windows.

Sunan cikin manhaja kuwa na sa shi ya faɗi laburare, gurbi da zangon LTO, misali lib1-d0-lto8. Zangon yana da amfani idan draif gauraye ne, tunda LTO-8 ba ya karanta kaset ɗin LTO-6. A kuma san daga inda kowa ke fara ƙirga: mtx da Drive Index na Bacula daga 0, manhajar bakof ta NetBackup daga 1, allon gaban laburare sau da yawa daga 1. Idan draif yana da hanyar Fibre Channel biyu zai bayyana sau biyu da siriyal ɗaya, kada a ƙirga shi biyu. Kuma a yi alama a kan draif ɗin da saba ke bi ta cikinsa ta kai ga robot (a LUN 1, wato na'ura ta biyu a hanyar draif ɗin), domin ranar da aka zare shi robot ma zai ɓace daga sabar.

Gwajin ƙarshe shi ne a sake kunna sabar da gangan, da rana, a maimaita ɗora kaset a kowane gurbi ta sunayen by-id kafin a saki aikin dare.