Abin da karofi ya koya mini game da kalmar rini

Wani dogon hutu na yi a karofin wani dattijo a cikin birnin Katsina, ina ɗauko masa toka da ruwa. Ranar farko na nuna farin yadi na ce, "Baba, wane launi za mu shafa masa?" Ya ɗago kai ya ce, "Ɗan nan, bango ake shafa wa. Tufa rina ta ake yi."

Sai da na zauna bakin rami na fahimci nufinsa. Ana zuba ganyen baba da toka da katsi, wato lakar ƙasan ramin rini da aka busar aka ƙona, a ruwa, a yi kwanaki ana motsawa har kumfa ta taso. Ka tsoma yadi ka tsamo, sai ka gan shi kore-kore, kamar aiki ya ɓaci. Iska na bugunsa, a kan idonka zai juye shuɗi. A sake tsomawa, a sake shanyawa, har ya yi duhu, sannan a kai mabuga. Fenti a sama yake zama, wata rana ya ɓamɓare. Rini cikin zare yake shiga.

Tun daga nan kunnena ya buɗe. In an ce idon mutum ya rine, ko sama ta rine da hadari, ana nufin abin ya sauya ne tun daga ciki. Haka karin maganar nan, "A rina, an saci zanen mahaukaciya": kowa ya san zanen, ɓarawo ba shi da mafita sai rini. Ko waliyyinmu Ɗan Marina, malamin ƙarni na 17, da Larabci Ibn al-Sabbagh ake kiransa, wato ɗan marini. A maƙabartar da ke ɗauke da sunansa aka binne Shugaba Umaru Musa 'Yar'aduwa a 2010.

Abin da ke damuna, yau matasa in za su sauya launin gashi sai su ce "dayis", alhali muna da tamu kalmar. Dattijon nan da lalle yake rina furfurar gemunsa, kuma "rina" yake cewa, kamar yadda yake faɗa wa yadi.

Na koma makaranta tafin hannuna shuɗi. Har muka yi mako biyu a aji, gefen farcena bai saki ba.