Motar da ke zafi a bazara: kada a fara da cire kalosta

Daga Maris zuwa Mayu, lokacin da zafin Garwa, Marwa da Kusiri ke haura digiri 40, ƙorafin masu mota ɗaya ne: allurar zafi ta hau. Da an kai gareji kuwa, maganin da aka fi saurin bayarwa shi ne a cire kalosta, wato tamostat, ɗan bawul ɗin da ke buɗe wa ruwan inji hanya in ya yi zafi, a yar. A ganina wannan ɓarna ce. Yawancin abin da ke sa inji zafi, mai mota zai iya gano shi a ƙofar gidansa da safe kafin ya tayar da ita.

Sai inji ya huce sarai ake buɗe murfin lagireto. Ruwan da ke ciki a matse yake, wanda ya buɗe da zafi zai sha ƙuna a fuska da hannu. In an buɗe, ruwa ya kasance har wuya, na robar ajiyar ruwa da ke gefe kuma tsakanin layin ƙasa da na sama.

Shi kansa murfin a juya shi a duba. Akwai lamba a bayansa, 0.9 ko 1.1 a yawancin Toyota, ita ce matsin da yake riƙewa. Ruwa a tukunya yana tafasa a digiri 100, amma a ƙarƙashin wannan matsi sai ya kai wajen 120. To in robar murfin ta tsage ko sifirin ɗinsa ya saki, ruwa zai tafasa da wuri ya tsere ta robar gefe, kullum ana ƙari ba a ga inda yake zuba ba. Murfi ba shi da tsada, amma a sayi mai lamba daidai da na asali.

Sai ƙura. Bayan watannin hunturu, ramukan lagireto da na kwandensan AC da ke gabansa sukan toshe da ƙasa, ƙaiƙayi da matattun ƙwari. A haska tocila ta baya, in haske bai fito ta gaba ba, iska ma ba ta wucewa. A wanke da tiyo daga ɓangaren inji zuwa waje, da ruwa marar ƙarfi, don injin wankin mota yana lanƙwasa siraran ƙarafan.

Lokacin da motar ke zafi shi ne ke tona mai laifi. In a cunkoson kasuwa ko a tsaye allura ke hawa, da an kama hanya ta sauka, fanka ce. A duba fiyus da rile, wato ɗan makunnin da ke ba fanka wuta, tukuna. A tsofaffin Corolla da Carina E, in aka zare soket ɗin na'urar zafin da ke kunna fanka, makulli na buɗe, fankar za ta tashi nan take; in ba ta tashi ba, matsalar tana wajen fiyus, rile ko ɗan injin lantarkin da ke juya fankar. Hilux mai gas kuwa bel ne ke juya fankarta ta hanyar kulocin mai: in inji ya yi zafi aka kashe shi, fanka ta yi ta juyawa sakaka da ɗan turi, kulocin ya mutu. Amma in a gudu take zafi, ko wajen hawan dutsen Mbe a hanyar Garwa zuwa Ngaundare, a zargi lagireto da ya toshe ta ciki, ko famfon ruwa, ko bel da ya saki. Bel mai kyau, in an danna tsakiyarsa da babban yatsa, bai wuce santimita 1 ba yake lotsawa.

Toshewar ciki daga ruwan rijiya da na burtsatse take zuwa. Farin dattin nan da ke kama gindin butar shayi, shi ne ke kama bututun lagireto. A yi amfani da ruwan sanyaya inji, in mai kauri ne a haɗa shi rabi da rabi da tataccen ruwa, irin wanda ake ƙara wa batir, ba asid ba. Ƙaramar mota kamar Corolla tana cin lita 5 zuwa 6. Ba don sanyi kaɗai aka yi wannan ruwan ba, yana hana tsatsa cin famfo da kan inji. Ja ko kore na gargajiya, a canja shi duk shekara 2.

Yanzu kalosta. Aikinta ta tsare ruwa a inji har ya kai zafin aiki, galibi digiri 82, sannan ta buɗe masa hanyar lagireto. A injuna da yawa, tana buɗewa take toshe wata gajeriyar hanya da ruwa ke zagayawa cikin inji. In babu ita, wani ruwan zai riƙa bin gajeriyar hanyar bai je lagireto ba, da safe kuma inji ya daɗe bai ɗumama ba, ya sha mai, ya ci kansa. Gwajinta a madafa ake yi: a ɗaure ta da zare a saka a tukunyar ruwa a kan wuta. Kafin ruwa ya tafasa ta buɗe, wajen milimita 8. In ta ƙi, a sa sabuwa, ɗan ramin fitar iskarta yana kallon sama.

Akwai alamun da suka wuce gyaran gida. Kumfa na tasowa a bakin lagireto ba ƙaƙƙautawa, farin hayaƙi a salansa bayan inji ya ɗumama, ko baƙin mai ya koma kalar shayi da madara: gaskit ɗin kan inji ya ƙone, wanda makanikanmu ke kira juwan kulas. Kada a ƙara tuƙa ta.

In kuwa a hanya allura ta doshi ja, a kashe AC, a kunna hita har ƙarshe, a sami inuwa a tsaya. A ba ta aƙalla minti 30 kafin a taɓa murfi, kuma kada a kwara wa inji mai zafi ruwan sanyi, kan injin yana iya tsagewa.