Haƙƙin karen jagora: yadda na bi da zargin sakaci a gidan maƙwabcina

A Ingila karen jagora ma'aikaci ne da aka kashe dukiya da shekaru wajen horar da shi, kuma doka ta san da zamansa. Ƙungiyar Guide Dogs, wadda ta samo asali a 1931 lokacin da wasu mata biyu, Muriel Crooke da Rosamund Bond, suka shirya horar da karnuka huɗu na farko a garin Wallasey, ita ce ke kiwon mafi yawan waɗannan karnuka, ta horar da su, ta haɗa kowanne da mai larurar ganin da ya dace da shi, sannan ta ci gaba da taimakawa da kuɗin abinci da na likitan dabbobi. Ganin wannan tsari ya sa mutane da yawa suke ɗauka cewa karen jagora ba zai taɓa shiga wahala ba. Ni na ga ya shiga, a gidan da katanga ɗaya ce ta raba mu a Birmingham, a hannun dattijon da nake girmamawa kamar mahaifina.

Dattijon Bahaushe ne da ya daɗe a ƙasar, hawan jinin ido ya tafi da ganinsa bayan ya manyanta. A gida mun saba ganin makaho da ɗan jagora riƙe da bakin sanda, amma a nan yaro yana makaranta, babba yana wurin aiki, saboda haka wanda ya rasa gani ko dai ya koyi tafiya da farar sanda, ko ya nemi kare, ko ya zauna a ɗaki. Baba ya zaɓi kare, baƙin Labrador mai natsuwa, kuma shekaru da dama ina ganin su suna fita kowace safiya zuwa shago da tashar bas da masallaci. Matarsa ce ke taje karen, ta duba kunnuwansa, ta auna masa abinci. Da Allah ya yi mata rasuwa, sai wasu 'yan uwa suka tare a gidan domin kula da shi, kuma daga nan ne abubuwa suka fara sauyawa.

Abin da na fara lura da shi shi ne fitar safiya ta ragu har ta kusa tsayawa. Daga baya na riƙa jin kukan karen da dare daga bayan gida, cikin hunturu, a ƙasar da ruwa ke daskarewa a waje. Ranar da na gan shi kusa, ya yi ƙiba sosai, gashinsa ya dushe, faratansa sun yi tsawo har suna ƙara a kan daɓe, yana yawan girgiza kai yana sosa kunne ɗaya, kuma wari na fitowa daga kunnen. Yana kuma ɗan ɗingishi da ƙafar gaba.

Kafin in furta wa kowa kalmar sakaci, na tsaya na bambance abin da yake laifi da abin da kawai baƙo ne a idona, domin mutane da dama suna zargin masu karen jagora a kan abubuwan da suke daidai. Karen da ya kwanta shiru a ƙarƙashin kujera na tsawon lokaci ba baƙin ciki yake yi ba, haka aka horar da shi. Mai shi da ya hana ka shafa shi ko ba shi abinci alhali yana sanye da ɗamarar aiki, wato abin da ake ɗaura wa karen a jiki mai shi ya riƙe, ba rowa yake yi ba, yana kare ransa ne, domin karen da hankalinsa ya rabu yana iya kai mutum gaban mota. Muryar umarni mai ƙarfi ba zalunci ba ce, kuma igiyar da wasu ke zagaya wa kare a hanci domin sarrafa kansa ba takunkumi ba ce. Har rashin ƙiba ma alama ce ta kulawa, domin karen da ke cikin ƙoshin lafiya ana jin haƙarƙarinsa idan aka shafa gefensa. Abin da nake gani a gidan Baba ba ya cikin waɗannan. Dokar jin daɗin dabbobi ta 2006, wadda ke aiki a Ingila da Wales, ta ɗora wa duk mai kula da dabba nauyin biya mata buƙatu biyar: wurin zama da ya dace, abinci da ya dace, damar yin ɗabi'unta na halitta, zama tare da wasu dabbobi ko nesa da su gwargwadon buƙatarta, da kariya daga ciwo da rauni da cuta. Da na auna halin karen da wannan ma'auni, na ga aƙalla uku daga ciki sun samu matsala.

Hanyoyi uku ne a gabana. Ta farko in yi shiru, in ce harkar gidan wani ce, kuma wannan ita ce hanyar da tarbiyyarmu ta fi saurin nuna wa mutum, musamman da yake maganar kare ce, dabbar da da yawanmu ba mu taso muna ganin tana da wani haƙƙi ba bayan gadi da farauta. Ta biyu in kira ƙungiyar RSPCA mai kare dabbobi daga zalunci ba tare da na yi wa kowa magana ba. Ta uku in je wurin dattijon da kaina. Na ƙi ta farko saboda dabbar tana shan wahala kuma ba ta da bakin faɗa. Na jinkirta ta biyu saboda ban ga duka ko yunwa ko wani haɗari na gaggawa ba, kuma na san cewa idan baƙi suka ƙwanƙwasa ƙofar makaho mai zaman makoki da zargin zalunci, abin da zai fara ji shi ne za a ƙwace masa idonsa na biyu.

Na je bayan sallar la'asar, na gaishe shi, muka taɓa hira, sannan na ce: "Baba, akwai maganar da nake so in yi da ku a kan karen nan, idan kun ba ni izini." Ya yi shiru, sannan ya ce: "Faɗi, ɗana." Ban ce an yi sakaci ba. Na gaya masa abin da idona ya gani ɗaya bayan ɗaya: launin cikin kunnen, tsawon faratan, yadda ƙafar ke ɗingishi, da kukan dare. Na roƙe shi ya sa hannu ya shafa gefen karen ya ji ko zai taɓa haƙarƙari. Ya shafa, ya daɗe yana shafawa, bai ji ba.

A wannan zama na fahimci abin da ya fi komai muhimmanci a cikin lamarin. Masu karen jagora suna sanin lafiyar karensu ta hannu da hanci da kunne, kuma da yawansu sun fi masu gani lura, amma hakan yana yiwuwa ne idan karen yana kusa da su. An fitar da karen Baba daga ɗakinsa zuwa wata rumfa a bayan gida saboda sababbin mazauna gidan suna ganin najasa ne, kuma shi, da yake su ke dafa masa abinci su kai shi asibiti, ya ji nauyin yi musu musu. Yaran gidan kuma, cikin tausayi, suna zuba wa karen ragowar tuwo da miya da ƙashin kaza. Ba su san cewa albasa guba ce ga kare ba, haka ma inabi da zabibi da cakulan, kuma dafaffen ƙashi yana tsagewa ya ji masa rauni a hanji. Shi kuwa Labrador ba ya ƙin abinci. Wani bincike da aka yi a jami'ar Cambridge a 2016 ya gano cewa kusan ɗaya cikin huɗu na wannan jinsi suna ɗauke da wani sauyi a ƙwayar halitta da ke sa su yawan jin yunwa, kuma sauyin ya fi yawa a cikin karnukan da ake zaɓa domin taimakon masu larura. Ƙibar da ta biyo baya ita ke danne gaɓoɓi, rashin tafiya a kan titi kuma shi ya bar faratan suka yi tsawo. Babu mugu ko ɗaya a gidan, amma duk da haka dabbar tana cutuwa, kuma rashin mugun nufi bai rage mata zafin kunnen ba.

Maganar najasa ita ce ta fi ɗaukar lokaci, kuma ban yi ta ni kaɗai ba, domin ni ba malami ba ne. Na roƙi limaminmu ya zo, ya kuma yi wa mutanen gidan bayani cikin hikima cewa a mazhabar Malikiyya, wadda akasarin Hausawa muke bi, kare mai rai ba najasa ba ne, kuma malamai sun halatta riƙe kare saboda buƙata. Ya tuna musu hadisin mutumin da ya shiga rijiya ya ɗebo ruwa da takalminsa ya shayar da kare mai ƙishirwa, Allah ya gafarta masa, da na matar da aka azabtar saboda kyanwar da ta tsare har ta mutu. Ya kuma ambaci cewa tun 2008 wani masallaci a Leicester ya ware wurin da karen jagora zai jira mai shi har ya idar da salla. Aka yi matsaya cewa karen zai koma kwana cikin gida a wani lungu kusa da ƙofar ɗakin Baba, ba zai shiga inda ake shimfiɗa dardumar salla ba, kuma kwanonsa daban.

Saura magana mafi nauyi, wato sanar da ƙungiyar da ta ba shi karen. Baba bai so ba da farko, ya ce: "Ɗana, idan suka zo za su tafi da shi." Na ce masa: "Baba, ba zan yi komai a bayan idonku ba, amma kunnen nan ba zai jira ba, kuma ba zan iya ganin haka in yi shiru ba. Gara su ji daga bakinku." Na gaya masa haka ne domin ya san matsayina tun da wuri, ya kuma san cewa idan ya ƙi, zan kira da kaina bayan na sanar da shi. A ganina wannan shi ne adalci ga ɓangarorin biyu: mutumin yana da haƙƙin a mutunta shi, a bar shi ya fara gyara da kansa, dabbar kuma tana da haƙƙin kada kunyar maƙwabtaka ta zama dalilin ci gaba da ciwonta. Washegari ya kira su ina zaune kusa da shi.

Abin da ya biyo baya ba abin da yake tsoro ba ne. Likitan dabbobi ya wanke kunnen ya ba da magani, ya yanke faratan, ya gano wani tsagewa a tafin ƙafar da gishirin da ake watsawa a titi lokacin ƙanƙara ya ƙara fusata shi, ya kuma rage ma'aunin abincin. Wata ma'aikaciyar ƙungiyar ta zo ta bi su a titi ta ga yadda suke aiki tare, domin karen da ya daɗe bai yi aiki ba yana iya sassauta horonsa. Wannan ba ƙaramin abu ba ne. Kare ba ya karanta fitilar hanya. Mai shi ne ke sauraron motoci ya ba da umarnin tsallakawa, aikin karen kuma shi ne ya ƙi bin umarnin idan ya ga mota tafe. Karen da ciwon kunne ya dame shi, ko ƙafa ke masa zafi, ba za a dogara da shi a wannan lokaci ba, saboda haka lafiyar karen da ran mai shi a ɗaure suke wuri ɗaya. An kuma samo mai aikin sa kai da ke fita da karen fili ya yi gudu babu ɗamara, domin karen jagora ma yana buƙatar lokacin da zai zama kare kawai, ya yi wasa, ya shinshina ƙasa, ya haɗu da 'yan uwansa. Ni kuma na ɗauki nauyin duba kunnuwa da tafin ƙafa da idanunsa duk mako, in gaya wa Baba abin da na gani, shi ya yanke shawara.

Ba kowane lamari ne zai bi wannan hanya mai sauƙi ba, kuma ba na so a fahimci labarina a matsayin kira ga lallashi a kowane hali. Da na ga ana dukan karen, ko an bar shi babu ruwa, ko an kulle shi cikin mota a rana mai zafi, da ban tsaya neman izinin kowa ba. Kare yana rage zafin jikinsa ne ta hanyar haki, kuma cikin mota mai zafi yana iya mutuwa cikin ɗan lokaci, shi ya sa a irin wannan hali ake kiran 'yan sanda a lamba 999 kai tsaye. Tun 2021 hukuncin zaluntar dabba a Ingila yana iya kaiwa ɗaurin shekara 5, kuma larurar gani ba ta keɓe kowa daga wannan doka ba. Abin da ban yarda da shi ba a kowane hali shi ne ɗaukar hoton makaho da karensa a ɓoye a watsa a Facebook ko WhatsApp. Mutumin ba zai ga hoton ba balle ya kare kansa, karen ba zai samu magani daga masu sharhi ba, sauran masu karen jagora kuma, waɗanda har yanzu wasu direbobin tasi da masu gidajen abinci ke korarsu duk da dokar daidaito ta 2010 ta haramta hakan, su ne za su ƙara shan zargi. Wanda ya ga abin damuwa ya rubuta rana da wuri da ainihin abin da ya gani, ba abin da ya zata ba, ya miƙa wa ƙungiyar da ta horar da karen, wadda galibi sunanta ke jikin ɗamarar ko tambarin wuyansa.

Karen ya ƙara yin aiki na wani lokaci bayan ya warke. Da ya kusa shekara goma, wato shekarun da akasarinsu ke ajiye aiki, tafiyarsa ta yi nauyi, ma'aikatan suka ba da shawarar a sauke masa ɗamara. Baba ya yi tunani, ya ga cewa gidan ba zai iya ɗaukar tsohon kare da sabo tare ba, ya amince a ba wani iyali da ke da fili su riƙe shi, shi kuma ya koma amfani da farar sanda yana jiran a samo masa wanda zai dace da saurin tafiyarsa.