Hawan da babu shi a kan gada

Asabar, bayan Isha'i, Birnin Kebbi.

Yanzu na dawo daga gidan Yaya. Na baro ta tana shafa wa ɗanta man kaɗanya a tafin hannu, duk sun yi bororo, biyu ma sun fashe. Bai ce uffan ba, amma abin yana ci na a rai, don ni na zaɓi hanyar da muka bi yau.

Shan inna ya taɓa masa ƙafafu tun yana goye. Yanzu shekararsa 16, kekensa mai ƙafa uku ne, irin wanda ake murzawa da hannu. A kan shimfiɗaɗɗiyar kwalta ba ka kamo shi da sauƙi. Hawa ne kawai yake karya shi: tudun da ni zan miƙe a kan feda in haye, shi sai ya tsaya cak, keken ya fara ja da baya. Ya daɗe yana roƙona in tafi da shi fitar da muke yi ran Asabar ni da abokaina uku. Na yi masa alkawari, na ce zan nemo hanyar da ba ta da tudu.

Jiya da dare na zauna da waya ina auna hanyoyi. Shirinmu a kai mu da kekunan a mota har Jega, daga nan mu murza zuwa wani ƙauye a tsallaken wani rafi da ke zuba cikin Gulbin Zamfara. Manhajar da nake amfani da ita tana zana hanya, a ƙasa kuma ta zana hawa da gangare. Hanya ta farko gajera ce, kwalta, ta bi ta kan gada. To daidai gadar sai zanen ya faɗa ƙasa mita 8, ya sake miƙewa sama, an shafa masa ja, an rubuta kashi 10 cikin 100. Wato duk mita 100 da ka ci gaba ka hau mita 10. Ban taɓa bin wurin ba, kuma na san hannun yaron nan ba zai ɗauka ba. Sai na ɗauki ta biyu, wadda ta zaga ta fadama ta ƙetare wani mashigi da ruwa ya janye. Ta ƙara kilomita 7, amma zanenta a kwance yake.

A kwancen take kuwa, sai dai rairayi ne zalla. Tun kafin hantsi ya dubi ludayi tayoyinsa biyu na baya suka fara nutsewa. Ya murza, ya murza, jijiyoyin wuyansa suka fito raɗa-raɗa, keken bai motsa taku ɗaya ba. Muka riƙa karɓa-karɓa, ɗaya ya tura shi, ɗaya ya ja kekuna biyu. Iskar hunturu tana watsa mana ƙura a baki, ƙarangiya ta cika mana ƙafar wando. Duk sanda na kai hannu bayan kujerarsa sai ya ce, "Kawu bari, zan iya." Wannan kalmar ta fi komai taɓa ni yau. Ya zo ne ya nuna shi ma ɗan keke ne, na kai shi inda dole a tura shi.

Kusa da mashigin muka tarar da wani dattijo yana gyara tiyon injin ban-ruwa a gonar albasa. Bayan gaisuwa ya dube mu ya ce, "Ɗiyana, mi yas sa kunka biyo nan da wanga keke? Ga gada can, shimfiɗe take kamar tabarma." Na ce Baba, an nuna mana akwai hawa. Ya girgiza kai kawai, ya miƙo mana butar ruwa.

Da la'asar muka dawo ta gadar. Wallahi ko tudun kunyar gona ɗaya babu. Yaron nan shi ya fara hayewa, da hannuwansa masu ciwo, har yana waiwayenmu. Na tsaya a tsakiya na leƙa ƙasa: ga kwarin can, ga yashi, ga ɗan ruwa yana bin gefe, yara suna wanka. Mita takwas ɗin da wayar ta ce za mu gangara mu hau, ga su nan ƙarƙashin ƙafafuna.

Bayan Magariba na kira wani abokina safiyo, mai awon ƙasa, na zayyana masa. Ya ce abin sananne ne a aikinsu. Yawancin manhajojin nan ba su taɓa auna titi ba, tsayin ƙasa suke ɗaukowa daga awon da aka yi daga sama. Wanda ya fi yaɗuwa shi ne na watan Fabrairun 2000, lokacin da kumbon Endeavour na Amurka ya yi kwana 11 yana kewaya duniya da na'urar rada, ya auna kusan kashi 80 cikin 100 na doron ƙasa. An yanka ƙasar gida-gida kamar na dara, kowane gida kimanin mita 30 a tsaye da kwance, aka ba shi lamba ɗaya tak ta tsayi. Gada kuwa faɗinta bai kai rabin gida ɗaya ba, sai lambar kwarin da ke gefenta ta rinjaye ta. In ma bayan 2000 aka gina ta, to awon bai taɓa ganinta ba. Manhaja ta ɗora titi a kan waɗannan lambobi, sai ta gangara da kai cikin rafi ta sake fito da kai.

Ya ce inda aka huda dutse mota ta bi ta ciki, kamar ƙasashen Turai, abin juyewa yake. Da za a huda Dutsen Kwatarkwashi a shimfiɗa titi a cikinsa, wayar za ta ce sai ka hau har ƙololuwa ka sauko ta baya, alhali kana ciki a kwance. Mu nan ba mu da irin wannan, amma gadoji fa? Daga Argungu zuwa Yauri ƙasar fadama ce da gulabe, duk inda ka nufa sai ka taka gada.

Na tambaye shi maganin. Ya ce manhajoji da dama daga OpenStreetMap suke ɗaukar tituna, taswirar da kowa ke iya gyarawa. In aka sa wa wannan gutsuren titin alamar cewa gada ce, wasunsu sukan daina bin kwarin, su ja layi miƙe daga wannan baki zuwa wancan. Na buɗe asusu ɗazun nan, na lalubo rafin a hoton tauraron ɗan Adam, na yanka titin a bakin gadar biyu na sa alamar. Gobe in Allah ya kai mu zan bi hanyar Kalgo da ta Bunza in duba sauran.

Da zan fito daga gidan Yaya, yaron ya kira ni daga kan tabarma, hannuwa a shanye suna ƙyallin mai. "Kawu, Asabar mai zuwa ta gada za mu bi tun da safe ko?" Na ce ta gada, in sha Allahu, in hannun ya warke.